Jego Ba Jariri: Tarihin Zazzagowar Mahaifa Da Matan Da Suka Ƙi Yin Shiru

 Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wani ciwo da ke ƙarƙashin zane, wanda mace kan shekara goma tana fama da shi, kishiyarta da suke girki a murhu ɗaya ba ta sani ba, balle uwar miji.

Wasu na ce masa zazzagowar mahaifa, wasu saukowar mahaifa, wasu kuwa ba su iya kiran sunansa, sai dai su sunkuyar da kai su ce "abu ne ya fito mini". Yadda abin yake shi ne, a can ƙasan mara akwai tsoka da jijiyoyi da Allah Ya ɗaura kamar ragaya, su ne ke riƙe da mahaifa da mafitsara da ƙarshen hanji. Kin dai san idan igiyar ragaya ta saki, ƙwarya ƙasa take yowa. To haka nan, wata mahaifar ce ke saukowa, wata mafitsara ce ke turo bangon gaba, wata kuwa hanji ne ta baya, wata ma duka ukun. Abin da ya fi sakin igiyar nan haihuwa ce, musamman doguwar naƙuda da ƙaton jariri da kwanika. Sai ɗaukar kaya masu nauyi, da tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, da yunƙurin bayan gida mai tauri, da ƙiba, da girma bayan al'ada ta ɗauke. Mace za ta riƙa jin nauyi a mara kamar ta zauna a kan ƙwai, da safe da sauƙi, da yamma ya matsa, idan ta kwanta ya lafa. Fitsari ba ya ƙarewa gaba ɗaya. Idan ya yi nisa naman ya leƙo waje, zane na gogarsa har ya yi gyambo.

Kada ki haɗa shi da yoyon fitsari, wanda ake ɗinkewa a Babbar Ruga ta Katsina tun shekarun 1980. Shi wancan huda ce da naƙuda ta yi, kuma ba ya ɓoyuwa, wari kan tona shi. Wannan kuwa yana ɓoyuwa, kuma da wuya ya yi kisa, shi ya sa ba a yi masa gaggawa, daga mai shi har masu ita.

Ciwon ya girmi kakannin kakanninmu. A cikin wata tsohuwar takardar magani ta mutanen Masar da ake kira takardar Ebers, wadda aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam, akwai maganin mayar da mahaifa mazauninta, na shafawa da na turare. Likitocin Girka na zamanin Hipokratis, wajen shekara 400 kafin Annabi Isa, da yawansu sun ɗauka mahaifa tamkar wata dabba ce mai son ƙamshi mai gudun ɗoyi, don haka sai a turara wa mace abu mai wari ta ƙasa, a kanga mata ƙamshi a hanci, wai ko ta gudu ta koma sama. Idan ta ƙi, sai a ɗaure baiwar Allah a jikin tsani, kai ƙasa ƙafa sama, a yi ta jijjiga tsanin. Ikon Allah! Sai da aka yi ƙarnuka kafin wani likita mai suna Soranus, wanda ya yi aiki a birnin Rum wajen shekara 100 bayan Annabi Isa, ya fito ya soki wannan jijjiga. Amma ba duk dabarunsu ne abin dariya ba. Sukan mayar da mahaifar ciki su tokare ta da rabin rumman, kuma wannan rumman shi ne kakan zoben roba da ake sa wa mata a asibiti yau. Sai dai ki lura da abu ɗaya, hannun da ke mayar da mahaifar galibi na ungozoma ne, sunan da ya shiga littafi kuwa na namiji.

Daga nan bari mu tsaya a ƙasa ɗaya mu bi ta daki-daki, wato Birtaniya, domin a can ne aka ajiye rubutun abin da matan suka yi da kansu, bayan wanda aka yi musu.

Wani likitan haihuwa na Ingila da ya rayu a ƙarni na 17, Percival Willughby, ya rubuta labarin wata matalauciya da ta ɗauko kayan gawayi mai nauyi, mahaifarta ta zazzago kamar yadda ta saba yi mata. Ran nan abin ya ishe ta, ta kama naman ta jawo, ta sa wuƙa ta yanke. Allah Ya yi da sauran shan ruwanta, jinin ya tsaya, ta rayu shekaru bayan nan, amma tana yoyon fitsari har ta koma ga Mahaliccinta. Likitoci sukan kawo labarin nan don mamakin yadda ta tsira. Ni kuwa abin da ke tsaya mini a rai shi ne, a lokacin da ta ɗauki wuƙar nan babu wata mace kusa da za ta riƙe mata hannu ta ce "ke, ajiye, ni ma ina da shi, ga yadda nake yi".

A ƙarni na 19 abubuwa uku suka sauya aikin likita. A 1844 aka yi rajistar dabarar sarrafa roba yadda ba za ta narke ko ta ruɓe da wuri ba, sai zoben roba ya soma maye gurbin na katako da na kakin zuma da na ƙarfe. A 1846 aka nuna maganin sa barci a lokacin tiyata a birnin Boston na Amurka. A 1867 Joseph Lister ya bayyana hanyar kashe ƙwayoyin cuta a wurin yanka. Kafin waɗannan, a ce za a yi wa mace aiki a gabanta, kusan sallama ce da duniya. A 1888 wani likita mai suna Archibald Donald, a asibitin mata na Saint Mary da ke Mancesta, ya fara wani aiki da ake rage bakin mahaifa a kuma ɗinke bangon gaba da na baya su tsuke, ba tare da an cire mahaifar ba. Abokin aikinsa William Fothergill ya ƙara gyara shi daga baya, har yau kuma ana yin sa, ana kiran sa aikin Mancesta. Mancestar nan ita ce birnin masaƙu, wadda yadinta ya cika kasuwannin Afirka ta Yamma har da namu. Mata da yawa a can tsaye suke wuni gaban injin saƙa, su koma gida su ɗora wanki da hannu, ga haihuwa bakwai, takwas, goma.

To aiki ya samu, sai dai kash, samuwar magani daban, isa gare shi daban. A 1911 gwamnatin Birtaniya ta yi dokar inshora wadda ta ba ma'aikaci damar ganin likita ba tare da ya biya nan take ba. Matarsa da ke gida da 'ya'yansa ba su cikin wannan gata. Idan uwargida za ta ga likita sai an ciro daga kuɗin cefane, wace uwa ce kuwa za ta rage wa yara burodi don ciwon da ba ya kisa? Sai su naɗe tsumma ko tawul su tokare abin, su ci gaba da aiki.

A nan ne wata ƙungiyar mata ta shigo. An kafa ta a 1883, sunanta Women's Co-operative Guild, ta matan talakawa ce masu sayayya a kantunan haɗin gwiwa, yawancinsu matan aure masu zaman gida kamar ni da ke. Suna haɗuwa mako-mako, kowace da ɗinkinta a hannu, ana karatu ana hira, kuma kin san hirar mata idan ta yi daɗi ba ta rasa gangarowa kan ciki da haihuwa. Sakatariyarsu Margaret Llewelyn Davies, wadda ta riƙe muƙamin daga 1889 zuwa 1921, ta ga cewa abin da ake faɗa a ƙasa-ƙasa a ɗakin taro ya kamata mahukunta su ji shi. Dokar 1911 ta tanadi kuɗin haihuwa sule 30, wato fam ɗaya da sule goma, kuma ƙungiyar na cikin waɗanda suka matsa aka sa shi. Amma kuɗin ta hannun miji yake bi. Matan nan sun san halin wasu mazan, sun san gidan giya ya fi ɗakin mai jego kusa da wurin biyan kuɗi, don haka ba su zauna ba sai da aka gyara dokar a 1913 aka ce kuɗin na uwar jariri ne.

Ba su tsaya nan ba. Aka aika wa shugabannin rassa tambayoyi, aka ce kowace ta rubuto yadda ta yi cikinta da haihuwarta, ba ƙari ba ragi. A 1915 aka buga wasiƙu 160 cikin littafi guda, ba a sa sunan kowa ba. Matan da ba su yi zurfi a makaranta ba, ga su suna bayyana yadda suka tashi kan wanki 'yan kwanaki bayan haihuwa don babu mai yi musu, yadda suke ba miji da yara abinci su kwana da yunwa da tsohon ciki, da yadda mahaifa ta sauko wa wasunsu suka yi shekaru a haka. A cikin wasiƙun za ki ga wadda ta samu uwa ko 'yar'uwa ko maƙwabciya ta tsaya mata ta kwanta ta huta, za ki kuma ga wadda ba ta samu ba, kuma bambancin lafiyarsu ba ya ɓoyuwa. Littafin ya girgiza masu mulki, yana kuma cikin abubuwan da suka share hanyar dokar kula da uwa da jariri ta 1918.

Duk da haka gyaran tafiyar hawainiya ya yi. A 1939 wata mata mai suna Margery Spring Rice ta fitar da binciken da aka yi kan matan aure talakawa 1,250, aka tarar waɗanda za a iya cewa lafiyarsu ƙalau ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, alhali da yawa cikin marasa lafiyar idan an tambaye su cewa suke lafiya lau. Kin ji fa, "lafiya lau" ɗin nan ba mu kaɗai muka iya ta ba. Sai ranar 5 ga Yuli 1948, da aka buɗe tsarin kiwon lafiya na kyauta ga kowa, sannan asiri ya tonu. Likitocin da suka yi aiki a lokacin sun ba da labarin yadda dattawan mata suka yi ta zuwa da mahaifa a waje, an tallafe da tsumma, wasu sun shekara da shekaru a haka. Wato shekara 60 cif tsakanin ranar da aka fara aikin Mancesta da ranar da matar lebura ta iya zuwa a yi mata ba tare da ta ƙirga sulallan cefane ba.

Da a nan labarin ya ƙare da mun ce madalla. Amma akwai wani babi, kuma shi ne ya fi nuna amfanin mace ga mace.

Aikin ɗinki da naman jikin mace yana da rauni ɗaya, wato wani lokaci abin kan dawo, domin igiyar da ta riga ta saki ita aka sake ɗaurewa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1997 ya nuna kimanin mata 11 cikin 100 za a yi musu aikin zazzagowa ko na tsiyayar fitsari kafin su kai shekara 80, kuma kusan uku cikin goma na ayyukan maimaici ne. Sai kamfanonin kayan asibiti suka kawo shawara, tunda igiyar ragaya ta tsufa, me zai hana a sa sabuwa? Suka ɗauko wata raga ta roba, irin wadda ake sa wa masu gwaiwa, aka fara sa ta ta gaban mace don tsiyayar fitsari a ƙarshen shekarun 1990, sannan don zazzagowa a farkon shekarun 2000. Hukumomi sun bar yawancin ragar nan sun shiga kasuwa bisa hujjar cewa sun yi kama da wasu kayan da aka riga aka amince da su, ba tare da an yi dogon gwaji a jikin mata ba.

Gaskiya ɗaya ce, mata da yawa an sa musu sun zauna lafiya. Amma waɗanda ta ƙi, ta ƙi su da gaske. Ragar kan tsuke ta yi tauri, ko ta yanko bangon gaba ta leƙo, ko ta huda mafitsara. Ciwo ya kama cinya da ƙugu, mace mai ƙarfi ta koma dogara sanda, wata keken guragu. Kwanciyar aure ta gagara, har akan samu mijin da ragar ta yanka. Cire ta kuma ba wasa ba ne, domin nama ya riga ya tsiro ta cikin ƙofofinta kamar yadda saiwar bishiya ke ratsa katanga. Abin da ya fi ciwo shi ne amsar da da yawansu suka samu da suka koma asibiti. A ce wa wannan ba a taɓa ganin irin nata ba, a ce wa waccan shekaru ne, a ce wa wata damuwa ce ta sa a ranta. Kowace ta koma gida tana zaton ita kaɗai ce mai rashin sa'a.

Abin da ya karya wannan shi ne haɗuwarsu da juna. A Sikotilan wata 'yar jarida, Marion Scott, ta fara buga labarinsu, wadda ta karanta ta ga ciwonta a bakin wata sai ta nemi 'yar'uwarta. Suka kafa ƙungiya. A 2014 biyu daga cikinsu, Elaine Holmes da Olive McIlroy, suka kai ƙorafi majalisar dokokin Sikotilan a madadin sauran, matan suka cika ɗakin sauraro da sanduna da kekuna. A watan Yuni na shekarar ministan lafiya Alex Neil ya nemi asibitoci su dakatar da sa ragar. Aka kafa kwamitin bincike aka sa su biyun a ciki, da suka ga ana neman sassauta rahoton, sai suka ajiye kujerunsu a 2017 suka fito suka faɗa wa duniya dalili. A Ingila kuma wata 'yar jarida, Kath Sansom, wadda ita ma ragar ta taɓa, ta buɗe zaure a Facebook a 2015 mai suna Sling the Mesh. Da mata 'yan ƙalilan aka fara, kafin wani lokaci sun zama dubbai.

Ki dubi irin aikin da suke yi wa juna a zaurukan nan. Wadda za a shiga da ita tiyata gobe, tsoro ya hana ta barci, akwai wadda aka yi wa bara tana nan farke tana kwantar mata da hankali. Suna koya wa juna tambayoyin da za a yi wa likita, da yadda ake neman takardun asibiti, domin wasu sai da suka karɓi fayil ɗinsu suka san irin abin da aka sa musu. Suna raka juna asibiti. Sannan suka yi abin da matan 1915 suka yi, suka tattara labaransu wuri ɗaya har ya yi yawan da ba mai iya cewa sharri ne.

Ilimi ma ya zo ya mara musu baya. A ƙarshen 2016 aka buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi a asibitocin Birtaniya 35 kan mata fiye da 1,300, wanda jami'ar Aberdeen ta jagoranta. Aka ga a aikin zazzagowa na farko, cikin shekara biyu, ragar ba ta fi ɗinkin gargajiya amfani ba, kuma fiye da mace ɗaya cikin goma da aka sa wa ta samu matsala da ita. A 2017 Ostireliya ta hana sayar da ragar zazzagowa da ake sawa ta gaba. A Yuli 2018 Ingila ta dakatar da aikin ragar, a Afrilu 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta umarci kamfanoni su daina sayar da ta zazzagowa. A Yuli 2020 kwamitin da Baroness Cumberlege ta shugabanta, bayan ya saurari mutane fiye da 700 kan ragar da wasu magunguna biyu, ya fitar da rahoto cewa an ƙi sauraron mata, gwamnati kuma ta fito ta ba su haƙuri. A 2022 majalisar Sikotilan ta yi dokar mayar wa mata kuɗin da suka kashe wajen cire ragar a asibitocin kuɗi. Haƙuri dai ba ya mayar da ƙafar da ta mutu ko auren da ya watse, amma 'yan baya sun tsira.

To 'yar'uwa, kada wannan labari ya sa ki gudun asibiti, domin ba abin da matan nan suka yi yaƙi a kai ke nan ba. Ragar da ake sawa ta gaba ita aka yi rigima a kanta. Ɗinki da naman jiki yana nan ana yi, yana kuma raba mata da wahala. Ba ma kowace ce ke bukatar wuƙa ba. Idan abin bai yi nisa ba akwai motsa tsokar ƙasan mara, wato ki matse kamar mai riƙe fitsari da tusa, ki saki, ki maimaita kullum. Sunan wani likitan Amurka, Arnold Kegel, aka laƙaba wa motsin saboda rubutunsa na 1948, ko da yake wata Baturiyar Ingila, Margaret Morris, ta riga shi bayyana shi a 1936. Wani gwaji da aka buga a 2014 kan mata 447 ya tabbatar yana rage damuwar ciwon. Akwai kuma zoben roba, jikan rumman, wanda ake sawa a riƙa dubawa ana sauyawa bayan 'yan watanni. Wadda ba ta gama haihuwa ba galibi shi ake ba ta tukuna. Da yawanmu abin da ke hana mu zuwa shi ne tsoron a ce za a cire mahaifa, maigida ya samu hujjar ƙaro wata. Ki sani ba kowane aiki ne ake cirewa ba, kuma kina da bakin da za ki ce wa likita kina son ƙarin haihuwa kafin a yanke shawara.

Idan kuwa aikin ya zama dole, shi kansa awa ɗaya ne zuwa biyu ko uku, kwanan asibiti kaɗan ne, da robar fitsari ta kwana ɗaya ko biyu. Mai wuyar tana gida. Likita zai ce mako shida ba ɗaukar abu mai nauyi, ba kwanciyar aure, ba yunƙurin bayan gida. Mako shida kwana 42 ne, kin ga arba'in ke nan da ɗoriya. Mu kuwa Hausawa babu wanda zai koya mana arba'in. Abin da matan Birtaniya suka rasa har suka rubuta wasiƙu, mu mun gaje shi. Baba ta Karo, tsohuwar ƙasar Zazzau da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, ta bayyana yadda mata ke kewaye mai haihuwa da hidima, da yadda ƙawa ke tsaya wa ƙawarta a biki da suna. Har gobe mai jego ba ta daka, ba ta jan guga, ana dama mata kunu, ana gasa mata nama.

Amma duk wannan gata jariri ne ke jawo shi. Wadda aka ɗinke wa mahaifa ta dawo gida hannu rabbana, ba suna, ba barka, ba ɗan da za a ɗauka a yi wa wasa, sau da yawa ma ba ta faɗi aikin da aka yi mata ba, ta ce ƙari ne aka cire. Ba wanda ya ga yanka a cikinta tunda ta ƙasa aka bi. Kwana goma sai a ga tana tafiya da ƙafarta, ranar girkinta ta zagayo, kunya ta hana ta cewa ba za ta iya sauke tukunya ba. Nan ake yin ɓarnar.

Jegonta jego ne, sai dai da bambanci. Ba a yi mata wankan tafasasshen ruwa da ganye, ba ta zama cikin ruwan zafi, ba tsuguno kan kasko, ba matsi ko wani haɗi da za a cusa, komai amincin mai sayarwa, domin zaren ɗinki na ciki bai gama aikinsa ba. Kunun kanwa ma ba nata ba ne. Abin da take so ruwa ne da yawa, da ganye irin su zogale da alayyafo, da gwanda da lemo, don bayan gida ya zo da laushi. Ba a so ta kwanta rashe-rashe wuni guda, ta riƙa ɗan zagaya tsakar gida tun kwanakin farko saboda gudun daskarewar jini a ƙafa. Idan ruku'u da sujada na ja mata ɗinki ta yi sallarta a zaune. Ɗan jini-jini da ruwa na 'yan makonni ba abin tsoro ba ne, amma zazzaɓi, ko wari, ko jini mai yawa, ko fitsari ya ƙi fita, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, wannan a koma asibiti a ranar, kada a jira maigida ya dawo daga tafiya.

Sauran aikin na matan gida ne da na unguwa. Kishiya ta karɓi girki, ta kuma san yadda za ta yi da maigida a kwanakin da ba nata ba, wannan kuwa sai mai tsoron Allah, amma ana samu, kuma wadda ta yi ba a mance mata. Uwar miji ita ce za ta iya gaya wa ɗanta ya yi haƙuri mako shida, ya ji, domin matar ba za ta iya ba. 'Yan adashi su ba ta kwasa kafin ranarta don kuɗin aiki. Maƙwabciya ta turo 'yarta ta ɗebi ruwa ta kai niƙa. Yaron goye shi ne babbar matsala, domin ba ya jin "an yi wa Umma aiki", ɗauka yake so, sai a samu mai goya shi, ita kuma ta zauna a ɗora mata shi a cinya. Mako na huɗu da na biyar su ne na hatsari, lokacin da 'yan dubiya suka ɗauke ƙafa, mai jinya ta koma gidanta, ita ma mai ciwon ta fara jin ƙarfi tana hararar tulu.

Ranar komawa asibiti kada ta tafi ita kaɗai. A haɗa ta da wadda ba ta jin nauyin likita, ko ƙanwa ce 'yar makaranta, ta tambaya a gabanta, wane irin aiki aka yi, an cire mahaifa ko tana nan, da naman jiki aka ɗinke ko an sa raga, yaushe za ta koma ɗakin miji, idan ta samu ciki a ina za ta haihu kuma ta wace hanya. A roƙi likita ya rubuta amsar a kati, a kawo katin gida a sa a ƙasan akwati tare da takardun haihuwar yara.